Babi na Shida: Nisan Sama da Nisan Ƙasa Tsakanin Maraɗi da Agadas

Tsakanin filin jirgin saman Maraɗi da filin Mano Dayak na Agadas akwai kimanin kilomita 400 idan aka miƙe ta sama ba tare da karkata ba, alhali matafiyin da ya hau mota daga Maraɗi ya bi ta Cadawa da Agiye da Gazawa da Tasawa har Damagaram, sannan ya juya arewa ta Tanut, sai ya ci kusan kilomita 700 kafin ya hango hasumiyar babban masallacin Agadas. Jirgi mai farfela yana gama wannan tafiya cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, motar fasinja kuwa wuni guda take kwashewa, wani lokaci har ta haɗa da dare. Duk da girman wannan rata, lambobin biyu ba su isa su faɗa wa mutumin Gangara ko na Cadakori, a karkarar jihar Maraɗi, yaushe zai isa inda ya nufa ba, domin tasa tafiyar a ƙofar gidansa take farawa, tun kafin a yi maganar titin jirgi. Gundumomin Agiye da Gazawa, waɗanda ke gabas da birnin Maraɗi, da gundumar Gidan Rumji da ke yamma da shi, babu ɗaya daga cikinsu da ke da filin da jirgin fasinja ke sauka, kuma dukkansu a kan hanya guda suke rataye, wato babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa. Wannan ya sa suka zama wurin da ya dace a gwada lissafin nisa da lokaci, a ga inda jirgi ke da amfani na haƙiƙa da inda saurinsa ke tashi a banza.

Yadda ake auna nisan sama

Masu auna ƙasa sun ɗauki duniya a matsayin dunƙulalliyar aba mai kewayen kimanin kilomita 40,000, suka zana mata layuka iri biyu domin a iya faɗin mazaunin kowane gari da lamba. Layukan kwance, waɗanda ake kira latitud, suna nuna yadda wuri ya yi nisa arewa ko kudu daga ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu daidai. Layukan tsaye kuma, waɗanda ake kira longitud, suna nuna nisansa gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwic ta ƙasar Ingila. Ana ƙidaya su da digiri, kuma digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne a ko'ina. Filin jirgin Maraɗi yana kan digiri 13.5 arewa da kusan 7.1 gabas, na Agadas kuma yana dab da digiri 17 arewa da 8 gabas, ke nan Agadas ta ɗara Maraɗi arewa da kimanin kilomita 385, ta ɗara ta gabas da kimanin 95. Idan aka ninka kowace lamba da kanta, aka haɗa su, sannan aka nemi lambar da za ta ba da wannan jimla in an ninka ta da kanta, sai a sami abin da bai cika 400 ba da kaɗan. Da irin wannan lissafi ake samun kimanin kilomita 535 tsakanin Maraɗi da Yamai, da kimanin 200 tsakanin Maraɗi da Damagaram. Yamai da Maraɗi da Agiye da Gazawa kusan a kan layin kwance guda suke, don haka jirgin da ya tashi daga babban birnin ƙasa ya fuskanci gabas sak zai wuce ta kansu ɗaya bayan ɗaya.

Wannan sauƙaƙan lissafi yana aiki ne kawai idan nisan bai yi yawa ba, domin a tafiya mai tsawo dole a yi la'akari da lanƙwasar duniya. Hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a bayan dunƙulallen abu ita ce wadda masana ke kira babbar da'ira, kuma wanda ya ɗora zare a bayan ƙwarya ya ja shi ya yi tauri tsakanin tabo biyu zai ga yadda take kwanciya da kanta. A kan shimfiɗaɗɗiyar taswira wannan hanya takan fito a lanƙwashe, har mai kallo ya ɗauka jirgi ne ya yi zagaye, alhali taswirar ce ta gurɓata siffar ƙasa lokacin da aka baje ta a takarda. Malaman Musulunci sun daɗe da sanin wannan, saboda neman alƙibla lissafin babbar da'ira ne: Albiruni ya kammala littafinsa na ƙayyade mazaunin garuruwa da nisan da ke tsakaninsu a shekarar 1025. Daga yankin Maraɗi alƙibla tana kusan digiri 71 daga arewa, wato gabas da ta karkata arewa da kimanin digiri 19, kuma kusan nan ne jirgin da ya miƙe zuwa Jidda zai sa hancinsa. Wani abin lura shi ne layukan tsaye suna matsowa kusa da juna yayin da ake hawa arewa: digiri ɗaya na longitud kimanin kilomita 108 ne a Agiye, amma a arewacin Kanada, kan digiri 60, bai wuce 56 ba, shi ya sa filayen jiragen can nesa suke bayyana a taswira da nisan da ya ninka na gaskiya.

Matuƙa jirgi ba su cika lissafi da kilomita ba, da mil na teku suke aiki, wanda tsawonsa kilomita 1.852 ne, don haka a takardarsu Maraɗi zuwa Agadas kimanin mil 215 ne. Kuma ba kasafai ake barin jirgi ya bi babbar da'ira daidai wa daida ba, domin sama ma tana da hanyoyinta da mahaɗunta, waɗanda a Nijar hukumar ASECNA ke lura da su, wato hukumar haɗin gwiwa da aka kafa a watan Disamba na 1959 domin kula da zirga-zirgar jirage a yawancin ƙasashen Afirka rainon Faransa da Madagaska, mai hedkwata a Dakar. Siyasa ma takan tsawaita hanya. Lokacin da aka rufe sararin samaniyar Nijar ranar 6 ga Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sun koma zagaye mai nisa har zuwa 4 ga Satumba da aka sake buɗe shi, ga kuma sararin Sudan da yaƙi ya rufe tun watan Afrilu na wannan shekara.

Daga kilomita zuwa mintoci

A bisa ƙa'ida, lokacin tafiya shi ne nisa a raba da gudu. Jirage masu farfela biyu irin su Fokker 50 da ATR 72, waɗanda aka saba amfani da su tsakanin garuruwan Sahel, suna gudun kimanin kilomita 500 a awa idan sun daidaita a sama, ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya kamar Cessna Caravan yana yin kimanin 300, babban jirgin jet kuwa yana haura 800. Da wannan, kilomita 400 za su ɗauki jirgi mai farfela biyu minti 48. Sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudu kuma ba ya ƙare ta da shi: yana gangarawa a ƙasa zuwa bakin titi, ya jira izini, ya hau sama da gudun da bai kai na tsakiyar tafiya ba, sannan ya fara sassautawa tun da sauran nisa domin ya daidaita da titin sauka. Saboda haka kamfanoni suke rarrabe lokacin shawagi, wato daga ɗagawar taya zuwa taɓa ƙasa, da lokacin jadawali, wanda ake ƙirgawa daga cire katakon da ke tokare taya a filin tashi zuwa mayar da shi a filin sauka. Bambancin yakan kai minti 15 zuwa 25, kuma kusan daidai yake ko tafiyar gajera ce ko doguwa. Wannan shi ne dalilin da ya sa gajeriyar tafiya ba ta cin moriyar jirgi sosai, domin a kan hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, wadda a lissafin nisa da gudu zalla ba ta wuce minti 25 ba, kusan rabin lokacin jadawali a hawa da sauka da gangarawa yake ƙarewa.

Sai iska, wadda ita ce ke sa zuwa da dawowa su bambanta ko da yake nisan ɗaya ne. Jirgi yana tafiya ne a cikin iskar da ita ma tafiya take, don haka gudunsa a kan ƙasa shi ne gudunsa a cikin iska, a ƙara na iskar idan tana tura shi ta baya, a rage idan tana tare shi ta gaba. A lokacin hunturu iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa a ƙasa-ƙasa, da damina kuma akwai wata ƙaƙƙarfar iskar gabas da ke gudana a tsayin kilomita 3 zuwa 4 a saman Sahel, wadda ke jinkirta mai zuwa Diffa ta gaggauta mai komawa Yamai. Misali, ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 300 da ya gamu da iska mai gudun 60 ta gaba zai yi minti 100 a kan kilomita 400, a dawowa kuma ya yi minti 67. Jimlar zuwa da dawowa ta zama minti 167 maimakon 160 na ranar da babu iska, ke nan abin da aka rasa a zuwa ba a mayar da shi duka a dawowa, saboda jirgin ya fi daɗewa a cikin iskar da ke cutar da shi.

Abin da ya fi iska tasiri a wannan yanki shi ne hazo. Daga watan Nuwamba zuwa Maris ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda yake cikin manyan maɓuɓɓugan ƙura na duniya, takan lulluɓe Damagaram da Maraɗi da Katsina da Kano cikin kwana ɗaya ko biyu. A filin jirgi ma'aikacin yanayi yakan fito ya dubi wasu alamomi da aka riga aka san nisansu, kamar tankin ruwa ko ƙarfen sadarwa ko bishiyar da ke ƙarshen titi, kuma alamar ƙarshe da idonsa ya iya rarrabewa ita ce nisan gani da zai rubuta ya aika. Idan wannan lamba ta gaza abin da doka ta gindaya wa filin, matuƙi ba shi da izinin sauka komai kusancinsa, kuma filayen da ba su da na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa titi su ne suka fi saurin rufuwa. Da damina matsalar ta zama ta hadari, wanda ke tasowa daga gabas a jere mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ga guguwar ƙura a gabansa, sai jirgi ya kauce masa ko ya jira ya wuce. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, iska takan yi shara-shara ta yadda fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai, sai jirgi ya buƙaci titi mai tsawo ko a rage masa nauyi. Fasinjan da aka ce masa jakarsa za ta biyo baya yakan ɗauka wulaƙanci ne, alhali sau da yawa ma'aunin zafi ne ya yanke hukuncin, kuma shi ya sa ake son tashi da sanyin safiya.

Akwai kuma lissafin mai, wanda shi ne ainihin abin da ke bambanta filin da ke keɓe da wanda ke cikin jama'a. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta wajabta wa jirgin fasinja ya ɗauki man da zai kai shi inda ya nufa, da wanda zai kai shi wani filin madadi idan sauka ta gagara, da ƙarin na shawagin minti 30 ga jirgi mai injin turbin. Mai zuwa Maraɗi yana da sauƙi ta wannan fuska, tun da Damagaram na kusa kuma Kano kimanin kilomita 220 ce ta sama. Mai zuwa Agadas ko Dirku kuwa madadinsa na iya zama ɗaruruwan kilomita, kuma inda babu madadi kwata-kwata ƙa'idar ta ce a ɗauki man shawagin awa biyu. Kowace lita da aka ƙara nauyi ce da za ta hana wani fasinja ko wani buhun magani shiga, don haka nisan da ke tsakanin filin sauka da maƙwabcinsa yana shiga cikin kuɗin kujera kamar yadda nisan tafiyar kanta ke shiga.

Inda jirgi ke da riba da inda ba shi da ita

Hanyar da ke tsakanin Abzin, wato yankin Agadas, da ƙasar Hausa tsohuwa ce, kuma an san tsawon lokacin da take ci a zamanin ayari. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya baro Abzin tare da ayarin gishiri a watan Disamba na 1850, ya sauka Tasawa a tsakiyar Janairu na 1851 bayan kimanin wata guda, ya yada zango a Gazawa, ya bi ta Katsina, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Raƙumi mai kaya yakan yi kilomita 30 zuwa 40 a wuni, ban da kwanakin hutu da na jiran ruwa da na biyan fito. Shekara 74 bayan haka, a watan Nuwamba na 1925, jiragen sojan Ingila uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano. Abin da ayari ya yi cikin wata, mota ta mayar da shi wuni, jirgi ya mayar da shi awa. Amma babban tsallen shi ne na farko, daga wata zuwa wuni, kuma wannan yana da muhimmanci ga duk mai son gane dalilin da ya sa tashar mota ta fi filin jirgi cika.

Inda babu kwalta ne jirgi ke nuna cikakken amfaninsa. Daga Agadas zuwa Dirku, a yankin Kawar, kimanin kilomita 560 ne ta sama, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ga jirgi mai farfela biyu, amma ta ƙasa sai an keta saharar Tenere, inda manyan motoci ke kwana biyu ko uku idan komai ya tafi daidai. Idan kuwa mota ta lalace, lissafin ya tashi daga na lokaci ya koma na ruwan sha: a ƙarshen watan Mayu na 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe a wannan hanya bayan motarsu ta mutu. Irin wannan hali ne ake ciki a yankin Nunabut na arewacin Kanada, inda garuruwa 25 suke zaune babu hanyar mota da ta haɗa su da sauran ƙasar, jirgi ne ke kawo likita da wasiƙa da yawancin abinci. A irin waɗannan wurare tambayar minti nawa jirgi ke yi tambaya ce ta rayuwa, kuma duk kuɗin da hukuma ta kashe wajen riƙe filin jirgi a buɗe ya halatta.

Jihar Maraɗi ba haka take ba. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, wadda ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3.4, ga kwalta da ta ratsa ta daga yamma zuwa gabas. Ɗauki ɗan kasuwar aya daga Gazawa, gundumar da aka cire daga Agiye a 2011, wanda ke son zuwa Damagaram. Idan ya hau mota a bakin hanya, kimanin kilomita 140 ne a gabansa, tafiyar awa biyu zuwa uku har da tsaye-tsayen Tasawa da Takeita. Idan ya ce jirgi zai hau, sai ya fara komawa baya kimanin kilomita 100 zuwa Maraɗi, ya isa filin awa guda ko fiye kafin tashi, ya yi minti 40 ko 45 a cikin jirgi, ya jira kaya, ya nemi abin hawa zuwa cikin gari, jimla ta kusa awa huɗu, ga kuɗin da ya ninka na mota sau da yawa. Ga mutumin Gidan Rumji mai zuwa Yamai kuwa lissafin ya juye. Motocin safa da ke tashi da asuba suna cin awa tara ko goma a kan kilomita 600 da 'yan kai, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, alhali in ya koma Maraɗi, kilomita 50 gabas, ya hau jirgi, zai iya kasancewa a tsakiyar Yamai cikin awa biyar. Daga waɗannan misalai biyu ana iya fitar da ƙa'ida mai sauƙi: a inda kwalta ke da kyau, jirgi ba ya fara rinjayar mota sai nisan ya kai wajen kilomita 400, kuma duk kilomitar da mutum ya koma baya domin cim ma filin jirgi sau biyu ake biyan ta.

Duk wannan ya dogara ne a kan sharaɗi guda, wato a ce jirgin yana nan ranar da ake bukatarsa. Tarihin sufurin sama na cikin gida a Nijar tarihin tashi da faɗuwa ne: kamfanin ƙasa na Air Niger, wanda aka kafa a 1966, ya durƙushe a farkon shekarun 1990, kuma sai a 2014 kamfanin Niger Airlines ya fara haɗa Yamai da manyan biranen jihohi. Jiragen UNHAS, waɗanda Hukumar Abinci ta Duniya ke gudanarwa a ƙasar tun 2008, suna sauka Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Diffa da Dirku, amma na ma'aikatan agaji ne, ɗan kasuwa ba ya sayen kujera a cikinsu. Jirgin da ke zuwa sau biyu a mako yana iya sa mutum jiran kwana uku domin ya tsira da awa biyar, kuma ranar da hazo ya soke tashi sai jiran ya ƙaru. Motar da ke tashi kowace asuba, ko da tana tafiyar wuni, ta fi shi saurin kai mutum a mafi yawan ranakun mako. Fatake sun san haka ba tare da alƙalami ba, kuma ba jahilci ne ya sa suke cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara ba.

Tafiyar aikin hajji ta tattara dukkan waɗannan abubuwa wuri guda. Kakannin mutanen wannan yanki da suka tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, shekaru suke yi, wasu ma a Sudan suka zauna har abada. Yau daga Maraɗi zuwa Jidda kimanin kilomita 3,500 ne ta babbar da'ira, daga Yamai kuma kimanin 4,000. Maniyyacin Gazawa da aka tsara tashinsa daga filin Diori Hamani na Yamai sai ya yi sama da kilomita 750 yamma a mota, ya juya wa alƙibla baya wuni guda cur, ya kwana ɗaya ko fiye yana jiran kira, sannan jirgi ya maimaita da shi ta sama faɗin ƙasar da ya keta, cikin ƙasa da awa ɗaya. Shawagin kansa awa biyar ne ko ɗan fiye idan hanya a buɗe take, amma agogo zai nuna masa bakwai, domin Saudiyya tana gaban Nijar da awa biyu. Wannan bambancin agogo, wanda ke rikita masu karanta tikiti, daga layukan tsaye yake fitowa: rana tana cin digiri ɗaya cikin minti huɗu, shi ya sa mai azumi a Gazawa yake shan ruwa kimanin minti 23 kafin na Yamai ko da yake agogonsu ɗaya ne. Domin kauce wa irin wannan ruɗani ne ma'aikatan jirage a duk duniya suke aiki da agogo guda, na Girinwic, wanda Nijar ke gabansa da awa ɗaya.

Akwai wani yanki na tafiya da ba ya fitowa a kowane tikiti, kuma shi ne mafi nauyi ga mazauna karkarar gundumomin nan uku na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji. Ƙauyuka da yawa na Gangara da Gidan Sori da Saye Sabuwa da arewacin Agiye suna da nisan kilomita 15 zuwa 30 daga kwalta, a kan turbar rairayi da ke bi tsakanin gonakin gero, wadda da damina ruwan Gulbin Maraɗi ko na wata fadama kan yanke ta. Mai lafiya yana hawa kabu-kabu ya fita cikin awa guda. Mace mai naƙudar da ta gagara kuwa, ko tsohon da ba ya iya zama a bayan babur, amalanke ake shimfiɗa wa tabarma da katifa, a ɗaura sa, wani ya riƙe fitila a gaba, mata biyu su zauna a gefe suna tallafe da ita, taya na nutsewa cikin rairayi ana sauka ana turawa. Amalanken shanu ba ya wuce kilomita 4 a awa a irin wannan turba, ke nan kilomita 20 awa biyar ne, daidai da lokacin da jirgin alhazai ke ɗauka daga Yamai zuwa Jidda. Masu binciken lafiyar mata sun daɗe da sanya jinkirin isa asibiti cikin jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa, tare da jinkirin yanke shawarar tafiya da jinkirin samun kulawa bayan an isa, kuma babu saurin jirgin da ke rage wannan na tsakiya.

Ba a cewa filin jirgin Maraɗi ba shi da amfani, domin birnin da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar yana bukatarsa, haka ma layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, zai sauya lissafin kaya idan ya kammala. Amma dukkansu a birni suke tsayawa. Idan ana son rage awannin da mutumin Agiye da Gazawa da Gidan Rumji ke ɓatawa a hanya, abu biyu ne ya kamata hukumomin jiha da na gundumomi su sa a gaba: hanyoyin jar ƙasa masu kwalbatoci da za su haɗa manyan ƙauyuka da kwalta rani da damina, da kuma jirgi ko da guda ne, mai kujera 50, da zai riƙa sauka Maraɗi a ranar da aka faɗa da lokacin da aka faɗa. Na farkon ya fi gaggawa, domin shi ne ya shafi mafi yawan jama'a, kuma da shi ya kamata a fara.